TAFIYA MABUƊIN ILMI: Yini Guda Kan Teku a Tsibiran Zanzibar

Duk wanda ya taɓa jin ƙamshin kanumfari cikin kunu ko yaji, to ya ɗanɗani wani abu na Zanzibar ko da bai taɓa jin sunanta ba, gama an yi shekaru masu yawa mafi yawan kanumfarin da ake ci a duniya daga can yake fitowa. Ita Zanzibar tarin tsibirai ce cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar gabashin Afirka. Manya daga cikinsu biyu ne, Unguja da Pemba. Ran 26 ga watan Afrilu, 1964, ta haɗu da Tanganyika aka sami ƙasar da ake kira Tanzaniya, amma har gobe tana da nata shugaban da tata majalisar masu lura da al'amuranta na cikin gida. Akasarin mutanenta Musulmi ne, harshensu kuwa Suwahili.

A zamanin yau cinikin kanumfari ya ja da baya, baƙi masu yawon buɗe ido su ne suka zama babbar hanyar da kuɗin ƙasashen waje ke shiga tsibiran. Abin da ya fi jawo baƙin nan kuwa shi ne teku. Kowace safiya akan ga ƙananan jiragen katako jere a bakin gaɓar tsohon birni, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, suna jiran masu son a kai su ƙananan tsibiran da ke kewaye, su yi iyo, su leƙa ƙarƙashin ruwa, su ci abinci, a komo da su kafin faɗuwar rana. Wannan makon filin nan zai bi irin wannan tafiya tun daga fita har komowa, tare da ɗan ƙaramin ayari na mutum 8 ko 10, domin mai karatu ya san daɗin da ke cikinta, ya kuma san inda haɗarinta yake.

Tashi daga gaɓa

Abu na farko da baƙo zai koya shi ne, matuƙi ba ya sa lokacin tashi yadda ya ga dama, sai ya dubi wata. Sau biyu ruwan teku ke cika kowace rana, sau biyu kuma yana janyewa, kullum kuwa lokacin yakan ƙara jinkiri da misalin minti 50. Sa'ad da wata ya tsaya, da kuma sa'ad da ya cika daren sha huɗu, bambancin da ke tsakanin cika da janyewa a Zanzibar yakan kai wajen mita 4. Saboda haka wurin da jirgi ya wuce lafiya da hantsi, da azahar sai ya zama duwatsu tsirara. Nahodha, watau shugaban jirgi da Suwahili, ya san wannan lissafi kamar yunwar cikinsa. In ya ce a zo da wuri, musu da shi ɓata lokaci ne.

Akwai kuma wani abin da yakan rikita baƙo wajen agogo. Masu jin Suwahili suna fara ƙirgen sa'o'insu ne daga fitowar rana. Abin da Bahaushe ke kira ƙarfe 7 na safe, a wurinsu sa'a ta 1 ce. In nahodha ya ce a haɗu a sa'a ta 3, to ƙarfe 9 yake nufi. Wanda bai tambaya ba sai ya yi sammakon banza, ko kuwa ya iske jirgi ya tafi. Ban da wannan, agogon Zanzibar yana gaba da na Nijeriya da sa'a 2.

Iska ma tana da nata hukunci. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, sunanta kaskazi. Daga baya sai ta juya ta zama kusi, mai fitowa daga kudu, wadda ta fi ƙarfi, takan kuma ta da raƙuman ruwa har wajen Satumba. Waɗannan iskoki biyu su ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawo jiragen Larabawa da na Indiyawa Zanzibar suna mai da su gida. Babbar daminarsu, wadda suke kira masika, daga Maris take zuwa Mayu, a lokacin nan kuwa ruwa yakan gurɓace, masu fita teku su ragu.

Jirgin da ake shiga na katako ne, da rumfa don inuwa, da ƙaramin inji a bayansa. Babu matakala, sai kowa ya naɗe wandonsa ya taka cikin ruwa ya hau. Kafin a ta da inji, nahodhan kirki yakan ƙirga mutanensa, ya miƙa wa kowa rigar kariya mai hana nutsewa, ya tambayi wanda ya iya ruwa da wanda bai iya ba. A nan amfanin ƙaramin ayari ke fara bayyana. Mutum 8 ana iya sanin fuskar kowannensu, a san mai tsoro da mai rawar kai. Mutum 30 kuwa in guda ya ɓace cikin ruwa, sai an komo jirgi kafin a lura.

Tsibirin kurkuku

In jirgi ya juya hanci ya bar gaɓa, birnin yakan fito sosai a baya: hasumiyoyin masallatai, da tsohuwar ganuwar Larabawan Oman, da Baitul Aja'ib, katafaren gidan nan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rushe cikin Disamba, 2020. Yawancin tsofaffin gidajen birnin da dutsen murjani aka gina su, wanda aka haƙo daga ƙasar tsibirin da bakin teku. A shekarar 2000 Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Tafiyar kamar rabin sa'a ce ke kai mutum Changuu, ɗan tsibirin da ke misalin mil 3 da rabi arewa maso yamma da birni. Tsawonsa bai wuce mita 800 ba, faɗinsa kuwa kamar mita 230. Sunan wani kifi ne da ya yawaita a wurin aka sa masa, amma baƙi sun fi saninsa da Tsibirin Kurkuku. Tarihinsa ba mai daɗin ji ba ne. Wajen shekarun 1860 Sarki Majid ɗan Sa'id ya ba wasu Larabawa biyu tsibirin, suka mai da shi wurin tsare bayin da suka ƙi sunkuyar da kai, kafin a sayar da su. Ba a rufe kasuwar bayi ta Zanzibar ba sai a 1873.

A 1893 wani Bature ɗan Ingila mai suna Lloyd Mathews, wanda shi ne babban wazirin Sarkin Zanzibar a lokacin, ya sayi tsibirin don a gina gidan yari. Aka gama gini a 1894, amma ko fursuna guda ba a kai ba. Hukuma ta ji tsoron cututtukan da jiragen ruwa ke kawowa, musamman shawara, sai aka mai da ginin wurin killace matafiya har a tabbata lafiyarsu. Tsoron nan bai gushe ba. Har yanzu matafiyin da ya fito daga ƙasar da ake samun shawara, kamar Nijeriya, ana bukatar ya nuna katinsa na rigakafi kafin ya shiga Tanzaniya. Tun daga watan Oktoba, 2024, kuma gwamnatin Zanzibar ta tilasta wa baƙi sayen inshorar tafiya, wadda aka sa kuɗinta dala 44 a lokacin da aka fara.

Abin kallo a Changuu shi ne kunkuru, amma irin wanda babu shi a dajin Afirka ta Yamma. Asalinsu daga tsibirin Aldabra ne, namiji yakan kai nauyin kilo 250, suna kuma wuce shekara 100 a duniya. A 1919 gwamnan tsibiran Seychelles ya aiko da guda 4 kyauta. Suka hayayyafa har suka kai wajen 200 a 1955. Daga nan ɓarayi suka sa su gaba, suna sacewa suna sayarwa ƙasashen waje, har ya zama a 1996 saura guda 7 kacal. Sai da aka kewaye musu wuri, aka sa masu tsaro, aka kuma ƙaro wasu, sa'an nan suka sake yawaita. Akan rubuta shekarun manyan da fenti a bisa ƙoƙon bayansu. An hana hawa bayansu, ko da yake ba a rasa baƙon da sai an tsawata masa.

Leƙen ƙarƙashin ruwa

Bayan an gama zagaya tsibiri sai jirgi ya ja gefe, inda duwatsun murjani suke kusa da saman ruwa, a raba kayan leƙe. Kayan nan uku ne. Akwai gilashin fuska mai bakin roba wanda ke rufe ido da hanci. Akwai bututun numfashi mai lanƙwasa, tsawonsa kamar kamu guda, mutum ya ciji bakinsa guda, ɗaya bakin yana sama cikin iska. Akwai kuma takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Mutum ba nutso zai yi ba. Kwanciya zai yi rub da ciki bisa ruwa, fuskarsa a ciki, yana numfashi da baki ta bututu, yana kallon abin da ke ƙasa.

Kowane ɗayan kayan nan da dalilinsa. Idon ɗan Adam an halicce shi ne don gani cikin iska, shi ya sa wanda ya buɗe ido cikin kogi ba ya ganin kome sai dishi-dishi. Gilashin yana tsare 'yar iska tsakanin ido da ruwa, sai gani ya daidaita. Amma yana da ruɗi guda: kome yakan yi kamar ya fi girmansa na ainihi da kashi 1 cikin 3, ya kuma yi kamar ya fi kusa. Mutum sai ya miƙa ƙafa yana zaton zai taka ƙasa, alhali kuwa zurfin ya fi tsayinsa. Don kada gilashin ya yi hazo, masunta sukan tofa masa yawu su goge, su ɗauraye da ruwan teku.

Wani zai ce, me ya hana a yi bututun ya yi tsawo, mutum ya sauka can ƙasa yana shaƙar iska? Abu biyu suka hana. Na ɗaya, ruwa yana da nauyi. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi yakan ƙaru da kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke bisa kansa a tudu. Tun a zurfin mita 1 ƙirji ya fara kasa buɗewa ya jawo iska daga sama. Na biyu, in bututu ya yi tsawo, numfashin da mutum ya fitar ba ya ficewa duka, sai ya riƙa maimaita shaƙar gurɓatacciyar iskarsa har ya galabaita.

Ruwan teku yana da wani taimako da na kogi ba shi da shi. A kowace lita akwai gishiri misalin giram 35, wannan ya sa ya fi ruwan daɗi nauyi, yana kuma ɗaga jiki sama. Wanda ya sa rigar kariya ya saki jikinsa, ko bai taɓa iyo ba zai yi ta yawo bisa ruwa kamar ƙwarya. Jagora yakan shiga tare da su riƙe da wata zagayayyiyar roba mai igiya, masu tsoro su kama, ya riƙa jansu a hankali.

Minti biyar na farko su ne masu wuya. Numfashi da baki kaɗai baƙon abu ne, ruwan gishiri yakan shiga bututu, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Dabarar ita ce mutum ya hura da ƙarfi sau ɗaya ruwan ya fice, ko ya ɗaga kai ya cire bututun ya huta. Da zarar hankali ya kwanta kuwa, sai a ga abin da baki ba ya iya faɗa duka. Ga duwatsu masu rassa kamar ƙahon barewa, ga masu faɗi kamar faifai, ga mulmulallu masu zane kamar ƙwaƙwalwa. Ga kifaye garke-garke, shuɗi da rawaya da masu ratsin baƙi da fari, suna wucewa dab da fuskar mutum ba su kula da shi ba. Akwai wani mai baki kamar na aku, wanda in an kasa kunne ana jin ƙarar gurgurar da yake wa dutse. Abin da ya gurgura yakan fito daga cikinsa ya zama rairayi, wani kashi na farin yashin bakin gaɓa aikinsa ne. Akwai kuma wani ɗan kifi ruwan lemo mai farin ɗamara, wanda ke zaune cikin wata halitta mai harbi, ita tana tsare shi daga magabta, shi kuma yana kore mata masu cinta. Gani ya kori ji.

Murjani rai gare shi

Bahaushe ya san murjani tun da daɗewa, a wuyan amare da cikin kayan sarauta. Sunan daga Larabci yake, an kuma ambace shi tare da lu'ulu'u cikin Suratur Rahman. Jan murjanin ado daga Bahar Rum ake samo shi, fataken Sahara suka riƙa kawo shi ƙasar Hausa. Na Zanzibar danginsa ne, sai dai shi gini yake yi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan da ake gani kamar dutse halitta ce mai rai. Wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne dubbai suke zaune tare, kowace tana gina wa kanta ɗaki da farar ƙasa wadda take tacewa daga ruwan teku. In ta mutu 'ya'yanta su yi gini bisa nata. Cikin jikinsu akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani, ita ke amfani da hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Ginin nan ba ya sauri. Mulmulallun ba su cika ƙaruwa da fiye da santimita 1 a shekara ba. Watau dutsen da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakansa. Duk duniya wuraren da murjani ya rufe ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in irin halittun teku a nan suke samun abinci da mafaka. In murjani ya mutu kifi ya watse, in kifi ya watse kuwa masunci ne zai kwana da yunwa.

Abokan gabansa suna da yawa. In zafin ruwa ya ɗara yadda aka saba da ko da digiri 1 har tsawon makonni, dabbobin nan sukan kori gansakukar da ke jikinsu, su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu. Haka ta faru a 1998, lokacin da aka yi babbar hasara a Tekun Indiya, ta sake faruwa a 2016, a watan Afrilu na 2024 kuma masana suka ba da sanarwar cewa annobar ta game duniya karo na huɗu. Ban da zafi, akwai masu kamun kifi da nakiya, da matuƙan da ke jefa ƙarfen tsai da jirgi bisa murjani, da baƙin da ke tsayawa a kansa don su gyara gilashi, da masu ciro tauraron teku daga ruwa don ɗaukar hoto. Taku ɗaya na iya karya ginin shekara goma. Murjanin da ke kusa da birni ya sha wannan wahala ƙwarai, alamunta kuwa a bayyane suke ga duk wanda ya leƙa.

Amma akwai misalai biyu masu ƙarfafa zuciya. Kudu da birni, kamar mil 8, akwai tsibirin Chumbe mai hasumiyar fitila da aka gina a 1904. Wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller ta yi ta fafutuka har gwamnatin Zanzibar ta mai da murjanin yammacin tsibirin wurin da aka keɓe a 1994. Ba a su a wurin, ba a jefa ƙarfen jirgi, an kuma ƙayyade yawan baƙin da za su shiga kowace rana. Masu gadin, da yawansu tsofaffin masunta ne na ƙauyukan da ke kusa. An ƙirga irin murjani fiye da 200 da irin kifi fiye da 400 a ɗan wurin nan. Kuɗin da baƙi ke biya da shi ake kawo 'yan makaranta, maza da mata, su leƙa ruwan ƙasarsu da idonsu. Na biyu shi ne tsibirin Misali kusa da Pemba, inda wajen shekarar 2000 aka sa malamai da limamai cikin aikin, suka riƙa yi wa masunta wa'azi cewa ɗan Adam wakili ne a bayan ƙasa, za a tambaye shi abin da aka ba shi amana. Maganar da masunta suka ƙi ji daga bakin ma'aikatan hukuma, suka karɓe ta daga bakin malamansu.

Tudun da ke ɓacewa

Wajen azahar jirgi yakan nufi Nakupenda, ma'anar sunan da Suwahili kuwa "ina ƙaunarka". Tudun farin rairayi ne tsakiyar teku, babu itace, babu ciyawa, babu ko bukka. Sai ruwa ya janye yake fitowa. Ma'aikatan jirgi sukan kafa sanduna su ɗaura ƙyalle don inuwa, su hura gawayi, su gasa kifi da jatan lande da wata halitta mai hannuwa 8 da suke kira pweza, a kawo abarba da mangwaro da kankana da ruwan kwakwa.

Mai son salla ba shi da matsalar ruwa, gama malaman fiƙihu sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Sai dai ya yi hankali da alƙibla. Wanda ya saba fuskantar gabas tun yana yaro zai yi mamaki ya ga ma'aikatan jirgi sun fuskanci arewa, domin Makka tana arewa da Zanzibar kusan sak. Har ma a harshen Suwahili kalmar kibla takan ɗauki ma'anar arewa.

Ranar wurin ba ta wasa. Zanzibar tana kusa da tsakiyar duniya, farin yashi da ruwa suna mai da hasken a fuska, sanyin ruwa kuma yakan hana mutum jin ƙunar da bayansa ke yi. Baƙar fata ma tana ƙonewa. Riga mai dogon hannu ta fi tsiraici amfani a nan, ta kuma fi dacewa da al'adar masu ƙasa, waɗanda suka daɗe suna roƙon baƙi su suturta jikinsu in sun shigo gari. A sha ruwa da yawa, a sa takalmi saboda bushiyar teku mai ƙayoyi, kada kuma a ɗauki abin da ba a sani ba, gama akwai kifin da ke kama da dutse, da wani dodon koɗi mai kyan zane, waɗanda dafinsu na iya kisa. Can sai nahodha ya dubi ruwa ya ce a tattara. Kafin a gama naɗe rumfa ruwa ya fara lasar inda aka zauna, bayan sa'a guda ko biyu babu alamar an taɓa cin abinci a wurin. Abin da aka bari na leda da kwalba, duk cikin teku zai ƙare.

Iya ruwa fid da kai

Mutanen Zanzibar sun san abin da teku ke iya yi. Ran 10 ga Satumba, 2011, jirgin Spice Islander ya nutse da dare tsakanin Unguja da Pemba. Izinin da aka ba shi bai kai na mutum 700 ba, amma binciken gwamnati ya nuna fiye da 2,000 ke ciki, fiye da 1,500 kuma suka mutu ko suka ɓace. Ba a cika shekara ba, ran 18 ga Yuli, 2012, jirgin Skagit da ya taso daga Darussalam ya kife cikin iska kusa da Chumbe, mutum fiye da 100 suka salwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ran 25 ga Yuli na kowace shekara don faɗakarwa a kan haka. Abin mamaki, da yawa daga mazauna tsibiran nan ba su iya iyo ba, musamman mata. Shi ya sa a garin Nungwi wata ƙungiya mai suna Panje ta ɗauki aikin koya wa yara da mata iyo, cikin tufafin da suka rufe jiki duka, don kada kunya ta hana kowa koyon abin da zai ceci ransa.

A ƙaramin jirgin yawo, haɗarin da ya fi yawa daga wurin baƙon kansa yake fitowa. Kusan kowane ayari ba a rasa mutum guda, galibi babba mai iyali, wanda zai ji nauyin a ce bai iya ruwa ba a gaban matarsa da 'ya'yansa, ya ture rigar kariya ya ce ai shi ya yi wanka a rafin garinsu. Rafi dabam, teku dabam. Igiyar ruwa takan ja mutum a hankali yana can yana kallon kifi, sai ya ɗaga kai ya ga jirgi ya yi nisa, tsoro ya kama shi, ya shaƙi ruwa. Wanda ruwa ke ci kuwa ba ya cika yin kururuwa, shiru yake nutsewa. Girman kai rawanin tsiya. Haka kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya kamata ya nemi shawarar likita tun daga gida, ya kuma gaya wa jagora gaskiya.

Saboda haka kafin a biya kuɗi, a tambaya: mutum nawa jirgin zai ɗauka? Akwai rigar kariya ta kowa, har da ta yara? Akwai jagoran da zai shiga ruwa tare da mutane? In amsar ba ta gamsar ba, a haƙura a nemi wani, ko da ya fi tsada. Arha ba ta ado, balle a kan teku. A cikin ruwa kuma kada kowa ya yi nisa shi kaɗai, kowa ya riƙe abokinsa da ido. In nahodha ya ce yau iska ba ta yi ba, a gode masa.

Tambayoyin nan ba na masu zuwa Zanzibar kaɗai ba ne. Masu shiga jirgi zuwa Tarkwa Bay a Ikko ranar hutu suna bukatarsu, haka masu ƙetare Kwara da Binuwai zuwa kasuwa. Ba a manta da jirgin da ya nutse kan hanyar Warra a Jihar Kebbi cikin Mayu, 2021, ba, ko na 'yan biki a ƙasar Patigi cikin Yuni, 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Cikar jirgi fiye da kima da rashin rigar kariya su ne dai sanadin da ake ta maimaitawa, ko a teku ko a kogi.

Da la'asar sakaliya jirgi yakan iso gaɓa. Yaran birni suna ta tsalle daga bisa katangar Forodhani suna faɗawa ruwa, masu gasa kifi suna jera teburansu, jiragen masunta masu ƙyalle suna fita kamun dare. Nahodha ya sake ƙirga mutanensa, ya ga 8 ɗin da ya fita da su sun cika, sa'an nan ya karɓi rigunansa ya shanya don ayarin gobe. Baƙi kuwa su hau tudu da gishiri a jiki da gajiya a ƙafa, ana kiran magariba daga masallatan tsohon birni.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.